Geron da Aka Rubuta wa Mahaifina

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa in koya muku haɗa jadawalin alƙaluma cikin sati biyu, ba na jin haushinku. Daga waje haka aikin yake: mutum zaune gaban kwamfuta a Bici, fanka na juyawa, ya danna nan ya danna can, sai ga jadawali ya fito tsaf, a liƙa shi cikin takardar da malamin jami'a zai aika wa mujalla. Ɗayanku ma ya ce mini wayarsa za ta iya yi masa. Za ta iya jera lambobi, ban musa ba. Amma shekarata goma sha tara a wannan sana'a, kuma jera lambobi shi ne abu na ƙarshe da nake yi a kowane aiki.

Ni da buga takardu na fara. Da na gama sakandare a Ɗanbatta sai na kama aiki a wani shago nan Bici, ina buga wa ɗalibai furojet ɗinsu na kammala karatu. A kusurwar shagon akwai wani dattijo, Malam Ɗahiru, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Shi ba ya buga komai. Malamai ne ke kawo masa alƙaluman bincikensu, ya yi musu lissafi, ya tsara sakamakon. Ranar da na roƙe shi ya koya mini, abin da ya miƙo mini rula ce ta katako da jan biro. Wata uku ban taɓa manhajar lissafi ba. Zai riƙe abin da kwamfuta ta fitar, ni in riƙe jadawalin da aka buga, in ɗora rula a layi in karanta da ƙarfi.

“Har da ɗigo, Habu,” in ji shi. “Har da alamar ɗebewa. Kada ka haɗiye komai.”

Akwai wani aiki na lokacin da har yau nake tunawa da shi. Bincike ne a kan wani maganin ƙwarin wake da ake zubawa a buhu. Ni na kwafe lambobin da hannu zuwa cikin jadawali, na ga ya yi kyau, har mai aikin ya karɓa ya fita zai hau mota. Malam Ɗahiru ya ɗauki kwafin da ya rage, ya kalla kamar minti ɗaya, ya ce in bi mutumin da gudu. Gurbin lambar ne ya yi ƙunci, sai alamar ɗebewa ta maƙale a sama ita kaɗai kamar ƙura, lambar ta sauko ƙasa babu ita. Jadawalin da na yi yana cewa maganin ƙara ƙwari yake yi. A tasha na cim ma mutumin, ƙafarsa ɗaya a cikin mota. Da na dawo ina haki, Malam Ɗahiru bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi daga yau hannuna ba zai sake kwafar lamba ba, zan koyi rubuta wa manhajar umarni ita ta gina jadawalin da kanta. Haka na shiga manhajar lissafin da ake kira R, ina kuskure tana ƙin aiki, wani lokaci waƙafi ɗaya ya cinye mini yini guda.

Aikin da aka fi kawo mini yanzu yana da dogon suna na Turanci, za ku ji shi a makaranta. Mu a shago lissafi mai hawa-hawa muke ce masa. Duk wanda ya tashi a karkarar nan zai gane shi. A ce kana so ka san ko taki yana ƙara gero, ka auna gonaki a ƙauyuka da yawa. Gonakin ƙauye ɗaya ruwa ɗaya ya sauka musu, ƙasarsu kusan ɗaya ce, irin ma sau da yawa a hannun mutum ɗaya aka samo. Idan ka lissafa su kamar ba su san juna ba, ka yaudari kanka. To, wannan lissafin yana ware rabon ƙauye daban, rabon gona daban, sannan ya faɗa maka abin da ya rage wa taki.

Shi ya sa jadawalinsa yake da sama da ƙasa. A sama ake sa abin da mai bincike ya fita nema: ƙiyasin tasirin taki, da iyakar kuskuren ƙiyasin, da ɗan tauraron da ake ɗigawa idan sakamakon ya yi ƙarfin da ba za a ce dace ne kawai ba. A ƙasa kuma ake sa yawan ƙauyuka, da yawan gonaki, da yadda suka bambanta da juna. Sai ƙa'idar mujalla, kowacce da tata. Wata layi uku kawai take so a kwance, babu na tsaye ko ɗaya. Wata lamba biyu bayan ɗigo, wata uku. Dole ɗigo ya zauna ƙarƙashin ɗigo daga sama har ƙasa. An taɓa dawo mana da takarda daga ƙasar waje saboda bayanin ƙasan jadawali bai faɗi ma'anar tauraro ba.

Masu kawo aiki kuwa, yawancinsu sama kawai suke kallo. Mutum zai karɓi takarda, idonsa ya bi gefen dama yana neman tauraro, in bai gani ba fuskarsa ta canza. Wani malami ya taɓa kawo mini kwandon mangwaro, ya ajiye, ya ce, “Malam Habu, a sake dubawa dai, ko guda ɗaya ne.” Na ce masa ba ni nake rabawa ba. Ya ɗauki takardarsa, mangwaron ya bar mini, amma bai sake dawowa ba.

Aikin Malama Falmata shi ne wanda nake so ku saurara da kyau. Malama ce a wata makaranta, kakanninta daga Barno suka zo, a Bacirawa take zaune. Shekararta shida tana karatun digiri na uku, a kan takin gargajiya da yawan geron da ake samu a ƙauyuka goma sha biyu tsakanin Bici da Ɗanbatta. Tara daga ciki ita ta zaga da ƙafarta. Sauran ukun lokacin an yi mata tiyata, sai ta ɗauki wani mutum ya cike mata fom. Ta riga ta yi lissafinta, malamin da ke duba aikinta ya amince. Abin da ta kawo mini kawai shi ne in tsara jadawalin yadda mujalla take so, ranar Alhamis ta aika.

Ranar Litinin da hantsi na buɗe aikin. Sama lafiya lau, taurari uku reras a gaban taki. Da wani ne da ya gyara layuka ya miƙa. Amma ɗabi'ata ce, kafin in rubuta ƙasan jadawali sai na sa manhaja ta zana mini kowane ƙauye, kowace gona ɗigo ɗaya. Na zana. A ƙauyuka tara ɗigon a warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba. Haka ya kamata. Wani ya zuba taki da yawa amma ƙuduji ya cinye masa gero, wani bai yi noma a kan lokaci ba, wani bai zuba komai ba amma gonarsa ƙarƙashin gawo take. A sauran ukun kuwa, ɗigon sun jeru ɗaya bayan ɗaya kamar an ja igiya an yi shuka. Wanda ya ƙara mangala ɗaya ta taki ya ƙara dami daidai gwargwado, babu wanda ya yi asara, babu wanda ya yi sa'a.

Na daɗe ina kallon allon. Ni ɗan manomi ne, ban taɓa ganin ƙauyen da damina ta yi wa kowa adalci haka ba.

Na kira ta a waya na ce ta kawo mini ainihin takardun da aka cike. Ta ce ai duk an shigar da su kwamfuta. Na ce na sani, takardun nake so. Washegari ta zo da su cikin jakar bakko, kowane ƙauye an ɗaure shi da roba. A kwamfuta lamba kawai aka ba ƙauyuka da manoma, ba suna. Sai da na zare robar ƙulli na goma sha ɗaya na ga sunan ƙauyenmu a saman takarda.

Na fara juyawa. Sunayen duk na san su. A takarda ta bakwai na tsaya. Malam Adamu Na'ibi. Shekara hamsin da biyu. Ya shuka gero a gonar bakin rijiya, ya zuba mangala kaza, ya samu dami kaza, an yi hira da shi a kakar bara. A ƙasa, wurin sa hannu, ga dangwalen yatsa da shuɗin tawada.

Malam Adamu Na'ibi mahaifina ne. Shekararsa huɗu da rasuwa a lokacin, kuma ya haura saba'in. Gonar bakin rijiya an raba ta gado gida biyar, bara ma gyaɗa aka yi a cikinta. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana karantar da Alƙur'ani a zaurenmu, ko takardar asibiti aka ba shi da ajami yake sa hannu. Bai taɓa dangwala yatsa ba.

Malama Falmata tana zaune a kujerar baƙi tana duba wayarta. Ta ɗago ta ga hannuna a kan takarda ba ya motsi.

“Lafiya, Malam Habu?”

Na juya mata takardar. Na ce, “Wannan mahaifina ne.”

Ta yi murmushi, ta ce, “Ikon Allah, ashe ƙauyenku ne.”

“Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Malama.”

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarta. Ta karɓi takardar ta duba kwanan wata, ta duba ni.

“Ko wani ne mai irin sunansa?”

“Na'ibi ɗaya ne a garin. Ni na sa shi a kabari.”

Ta ce innalillahi a hankali, ta ajiye takardar a cinyarta. Muka ci gaba da juya sauran tare, ni ina faɗa mata. Wannan shekararsa goma a kudu yana sayar da albasa. Wannan makaho ne, ya daina noma tun ina saurayi. Wannan ma ya rasu, kafin mahaifina. Muka jera takardu biyar a kan tebur muka kalli dangwalen. Yatsa ɗaya ne, har da wani ɗan tabo da ya ratsa tsakiyarsa.

Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce shi ne, “Cire su ukun, mu gani.”

Na rubuta layi ɗaya na umarni na danna. Ba a yi daƙiƙa biyar ba sabon jadawali ya fito. Taurarin nan uku babu ko ɗaya. Ƙiyasin yana nan, yana nuna taki na taimakawa, amma da ƙauyuka tara kawai ba shi da ƙarfin da za a tsaya a kai. Ta matso da kujera ta kalli allon kamar za ta shige ciki.

“Shekara shida,” in ji ta. 

Mutumin da ya cike fom ɗin sunansa Malam Isuhu, magidanci ne da furfura a gemu, ya daɗe yana yi wa masu bincike irin wannan aikin. Ranar kasuwar Ɗanbatta ni da Malama muka same shi a rumfar wani mai sayar da iri. Na ɗauka zai musa, ko ya ruɗe. Ya gaishe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa. Da Malama ta nuna masa takardun sai ya gyara zama.

“Gaskiya ne, Hajiya, ban je ba. Mashin ɗina ya lalace a satin, ke kuma kina ta waya a kawo takardu. Akwai tsohon jerin sunayen rabon taki a wajena, da shi na yi amfani. Amma fa ban rubuta shirme ba. Na san noma. Kowa ya san taki yana ƙara gero, abin da na rubuta haka ake samu.”

Ta ce, “Malam Isuhu, a kan wannan zan tsaya gaban mutane in rantse cewa na auna.”

“Ai ba a kanki aka fara ba. Na yi wa manya da yawa, sun samu takardunsu, ba wanda ya dawo. Wa yake karanta waɗannan abubuwan?”

Na zaro takarda ta bakwai na ajiye a gabansa. Na ce wannan mahaifina ne, kuma ya rasu tun kafin a yi shukar da ya rubuta masa. Ya ɗauka ya duba, ya girgiza kai.

“Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wallahi da na sani da na tsallake shi.”

Na sha ganin kuskure a wannan sana'a, nawa da na wasu. Amma ban taɓa jin maganar da ta tsayar da ni kamar wannan ba. Shi a ganinsa laifin kawai shi ne ya faɗa a kan sunan da aka gane. Muna tafiya zuwa tasha ina lissafin maganarsa ta cewa ya yi wa manya da yawa. Jadawali nawa na gyara wa layi da ɗigo a shekarun nan, na miƙa da hannuna, alhali ƙarƙashinsu wannan yatsan ne mai tabo? Ban sani ba, har yau ban sani ba.

Bayan kwana biyu Malama Falmata ta kira ni. Ta ce ta kai maganar gaba, wani babba a wurin karatunta ya ba ta shawara ta bar jadawalin yadda yake, tunda sakamakon bai saɓa wa hankali ba, kuma lokacinta ya kusa ƙarewa. Na ce mata in haka ta zaɓa, sai dai wani ya tsara, ba ni ba.

Ta ce, “Ban kira don in roƙe ka wannan ba. Na fasa aika takardar. Na nemi ƙarin shekara, zan sake auna ukun da kaina.”

Wannan shekarar ita ce mafi muni da na yi a sana'ar nan. Labari ya bazu, amma ba yadda na zata ba. Ba a ce Malam Isuhu yana cike fom a rumfa ba. Cewa aka yi Habu na Bici yana tone-tone, in ka kai masa aiki sai ya ɓata maka. Mutanen da suka shekara goma suna zuwa suka koma kai aikinsu cikin birni. Wani da na yi wa jadawali tun digirinsa na biyu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba, ya ce zai ba ni aiki da sharaɗin ba zan zana ƙauyuka ba, ba zan nemi takardun asali ba. Na tambaye shi ko yana zargin alƙalumansa ne. Ya ce a'a, kawai dai ba ya son ya sani. Wata bakwai na yi ina hoton fasfo da fotokwafi, da yamma in tafi gona. Na je na gaya wa Malam Ɗahiru, lokacin tsufa ya kama shi sosai, ba ya fita. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni abu ɗaya: ko na ajiye umarnin da na rubuta, yadda wani zai iya sake bi ya ga abin da na gani. Na ce na ajiye. Ya ce to shi ke nan.

A hankali aiki ya dawo, amma da wasu irin mutane, waɗanda suke zuwa da jakar takardunsu tun ban tambaya ba. Takardar Malama Falmata ma ta fita daga baya. Tauraro ɗaya ne a jadawalin, kuma a ƙasansa akwai layi biyu da suka faɗi cewa an sake auna ƙauyuka uku a wata kakar daban, da dalilin hakan. Ita ta rubuta layukan, ni na daidaita su.

Amma kafin nan, da kaka ta zo, ta iso ƙauyenmu da sikeli da igiyar awo, mijinta ya kawo ta. Kwana huɗu tana bin gonaki, ana ɗora dami a sikeli a gabanta. A rana ta ƙarshe ta ce tana so ta gaida mahaifiyata. Na kai ta. Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa Malama ta durƙusa ta ba ta labarin duka, ta ce ta zo neman afuwa, domin da sunan aikinta aka taɓa sunan mamaci.

Inna ta saurara, hannunta bai daina ɓara ba. Da aka gama ta ce a nuna mata takardar. Ba ta karatun boko, amma ta riƙe ta da hannu biyu ta daɗe tana kallon dangwalen.

“Habu, dami nawa suka ce ya samu?”

Na karanta mata.

“A gonar bakin rijiya?”

“E, Inna.”

Ta miƙa wa Malama takardar, ta jawo ƙwaryar gyaɗarta.

“Shekara arba'in da ɗaya ina kai masa abinci gonar nan,” in ji ta. “Ko da ransa bai taɓa samun rabin haka ba. Ki rubuta na gaskiya, 'yata. Shi bai taɓa ƙara ko zangarniya ɗaya ba in zai fitar da zakka.”